Ranar da Aka Goya Sagidolla Zuwa Mafaɗar Ruwa

Kulzira tana tsugunne a gindin goɗiya tana tatsa sa'ad da ta hango wata farar mota tana ƙetare rafin da ke zuba cikin tafkin ƙasa. Ba ta kula ba. Tun da gwamnati ta mayar da kwarin nan gandun ƙasa, bazara ba ta rabuwa da motocin 'yan birni masu zuwa kallon tafkuna da mafaɗar ruwa da tsohuwar ƙanƙarar da ke kwance a wuyan dutse. Sai da motar ta saki hanya ta miƙo tantinsu, ta tsaya kusa da turken dawaki, wani mutum ya fito yana gyara baƙin gilashi, sannan hannunta ya tsaya cak.

Ta gane shi tun kafin ya cire gilashin. Ya yi ƙiba, ya aske ɗan gemun da ta san shi da shi, amma tafiyar tana nan, tafiyar wanda ke ganin duk duniya shi take kallo. Karensu ya zabura yana haushi yana fizgar sarƙa. Allah ya sani, Kulzira ta daɗe tana duban ƙugiyar sarƙar nan.

Sunansa Gantulga, ɗan Ulanbato ne, babban birnin ƙasar, sana'arsa ɗaukar kansa a bidiyo yana hawan duwatsu, mutane suna kallo a waya. Bara waccan ya zo kwarin ya nemi ja-gaba, aka nuna masa mijinta Sagidolla, don a lokacin babu mai kai baƙi sama kamarsa. Sagidolla ya ɗora shi a doki ya kai shi har mafaɗar ruwa. A can ma'aikatan gandu sun ja igiya, sun kafa allo mai hoton mutum yana faɗawa, wanda ko jaki ya gani zai gane. Gantulga ya tsallake igiyar, ya hau dutsen da ruwa ke lasa, ya juya wa ruwan baya ya ɗaga waya. Santsi ya kwashe shi. Sagidolla ya yar da rigarsa ta fata ya faɗa ya bi shi, ya cafko shi, ya tura shi kan tudu. Shi kuwa ruwan ya tafi da shi, ya maka bayansa a jikin wani dutse a ƙasa.

A kan shimfiɗar ulu aka sauko da shi, ɗaure tsakanin dawaki biyu. Ya yi watanni a asibitin birni. Likitoci suka ce laka ta tsinke, daga ƙugu zuwa ƙasa sai dai haƙuri. Gantulga kuwa tun yammacin ranar aka saka shi a mota yana karkarwa, ba su ƙara saka shi a ido ba, ba a asibiti ba, ba a ko'ina ba. Sai da hunturu ya kama 'yarsu da ke aure a garin Ulgi ta nuna wa Kulzira shi a waya, zaune a kujera mai laushi yana share hawaye, yana ba da labarin yadda dutse ya ji tausayinsa ya mayar masa da ransa. Ya ambaci ruwa, ya ambaci ƙanƙara, har irin takalmin da ya saka sai da ya ambata. Sagidolla kuwa sau ɗaya ya shigo labarin, da sunan "wani ja-gaba".

Mutumin ya tsaya nesa ya ɗaga murya, kamar yadda baƙo ke yi, ya ce a riƙe masa kare.

"Kelin!" muryar uwar mijinta ta fito daga tanti, haka suke kiran matar ɗa a yarensu. "Kin ga baƙo kin tsaya kamar turke?"

"Apa, kin san ko wane ne?"

"Na gan shi ta ƙofa, ban makance ba tukuna. Baƙo baƙo ne. Riƙe karen nan na ce."

Ta riƙe karen, ta shaƙe masa wuya fiye da yadda ya cancanta.

Sagidolla yana zaune a kan gado a ƙuryar tanti, jingine da matasai, yana saƙa linzamin fata, aikin da ya koma yi tun da ya dawo. Gantulga ya sunkuya ya shigo, hannayensa cike da tsaraba, alewa da ganyen shayi da shuɗin ƙyallen siliki. Sagidolla ya ɗago ya dube shi, ya ajiye linzamin a cinya.

"A'a, ɗan birni! Ka koyi iyo kuwa?"

Mutumin ya zube a guiwa, ya miƙa ƙyallen da hannu biyu, hawaye shaɓe-shaɓe. "Yaya Sagidolla," ya ce.

"Ashe ya san sunan," Kulzira ta faɗa da yarensu na Kazak, wanda baƙon ba ya ji.

Ta ɗora shayi. Da ya tafasa ta zuba madara da gishiri, ta miƙa wa Apa rabin kwano, ta miƙa wa mijinta rabi, kamar yadda ake yi wa wanda ake so ya daɗe a yi ta ƙara masa. Na baƙon kuwa ta cika shi fal har yana tumbatsa, wato sha ka kama gabanka. Gantulga ya karɓa yana ƙona yatsu, ya ce, "Kai, Yaya, kin karrama ni da yawa." Apa ta watsa wa Kulzira wata harara da ta isa ta tsinka madara.

Ba a gama shan shayin ba tsohuwar ta ce ta je ta kira maƙwabcinsu ya kama rago. Kulzira ta bi ta waje, ta tare ta a bayan tanti.

"Apa, mu da muka ba shi ƙafafu biyu, sai mun ƙara masa da rago?"

"Ba don shi ake yanka ba. Don kada a ce gidan ɗana ya mutu tare da ƙafafunsa. Je ki."

Haka ta wuni tana babbaka kai, tana wanke hanji a rafi har yatsunta suka mutu da sanyi, tana murza ƙullun fulawa tana yankawa, daga cikin tanti kuwa tana jiyo dariyar mijinta. Dariyar ta fi komai ci mata rai. Rabon da ta ji ya yi irinta har ta manta, sai yau, don wannan. Da la'asar aka ajiye akushi, kan rago a bisa nama, aka juya shi ya fuskanci baƙo. Sagidolla ya ɗaga hannu ya yi addu'a, aka shafa. Gantulga ya ci har da lasar yatsu.

Da aka janye akushi sai ya gyara zama, ya zaro wayarsa ya ajiye a kan shimfiɗa.

"Yaya Sagidolla, abu biyu suka kawo ni. Tun ranar nan ba na barci sosai, ko famfo na ji yana zuba sai gabana ya faɗi. An ba ni shawara in koma wajen in dubi ruwan ido da ido. Ina so ka haɗa ni da wanda zai kai ni. Na biyu kuma, in ba ka damu ba, in ɗauke mu tare, ni da kai, mutane su ga fuskarka, su ji daga bakinka cewa babu komai tsakaninmu."

Kulzira tana riƙe da butar shayi. Ta dire ta a kan murhu da ƙarfi har murfin ya yi tsalle.

"Ba ka barci? Allah sarki!" Wannan karon da yarensa ta yi maganar, don ta yi makaranta, bakinta kuwa ba ya tuntuɓe. "Kai ne ba ka barci? To mu nan minshari muke yi. Ka tsallake igiyar da ko akuya ta gani sai ta ja baya, ka karya min miji, ka shige mota ka tafi, ko waiwaye babu. Yau ka dawo da alewa. Ka ci ragonmu bai ishe ka ba, sai an ƙara maka da fuskarsa ka kai wa 'yan kallo su ce kai mutumin kirki ne?"

"Kelin!" in ji Apa.

"Ki bar ni, Apa. Na riƙe kare, na dafa nama, na yi duk abin da kika ce. Bakina kuwa nawa ne."

Gantulga ya sunkuyar da kai. Can Sagidolla, yana duban ɗan sararin da ake hangowa ta ƙofar hayaƙi, ya ce a hankali, kamar da kansa yake magana, "Shi dai zai ga wajen. Ni ko tafkin tsakiya ban ƙara gani ba."

Maganar ta soki Kulzira inda ba ta zata ba. Bai taɓa faɗa ba. Ta dube shi, ta dubi baƙon, ta dubi faffaɗan bayan nan nasa da abincin birni ya gina.

"Za ka gani," ta ce. "Gobe za ka gani. Ni zan kai ku. Doki zai kai mu ƙarshen tafkin tsakiya, daga nan kuma wannan zai goya ka. Ba waya, ba hoto. In ya yarda to, in bai yarda ba ga hanya nan, ya san ta, ya taɓa bin ta da gudu."

"Na yarda," Gantulga ya faɗa da sauri, irin saurin wanda bai san abin da ya amsa ba.

Washegari da hantsi maƙwabcin ya zo, suka ɗaga Sagidolla suka ɗora shi a kan akawal ɗinsa, baƙin dokin da ya tsufa yana jiran ubangidansa. Kulzira ta hau bayansa, ta zagaya doguwar ɗamara ta ɗaure shi a jikinta. Ta miƙa wa Gantulga tafin hannu, ya saka mata wayar, ta ba Apa. Tsohuwar ta jefa ta cikin akwatin alewa ta zauna a kai.

Suka bi gefen tafkin ƙasa, ruwansa kore-kore kamar an dama madara a ciki, suka shiga dajin dogayen itatuwa inda hanya ke hawa. Sagidolla ya buɗe baki bai rufe ba. Wa ya sare itacen da ke nan? Yaushe aka saka wannan gadar? Wane raggo ne ya yi ta, ruwan bazara ɗaya zai ɗauke ta. Kulzira tana jin bugun zuciyarsa ta bayansa, tana jin ƙafafunsa suna reto suna dukan nata, ba su san suna yi ba. Suka haɗu da wasu baƙi a hanya, mata biyu da jakunkuna, suka ɗaga abin ɗaukar hoto. Kallo ɗaya ta yi musu suka sauke.

Tafkin tsakiya yana kwance baƙi wuluk tsakanin duwatsu, ƙanƙarar sama tana kallon kanta a cikinsa. A ƙarshensa ciyawa ta ƙare, tarin duwatsun da ƙanƙara ta turo ta bari suka fara, manya da ƙanana, wasu a kan wasu har sama. Daga nan ana jiyo rugugin ruwan, ba a ganinsa. Ta dabaibaye dawakin, ta sa Gantulga ya durƙusa, ta jawo mijinta ta kwantar masa a baya, ta ɗaure su tamau. Da ya yunƙura zai miƙe sai da jijiyar wuyansa ta fito.

"Bismillah," in ji Sagidolla. "Ka bi a hankali, dokina. Ban zo da bulala ba."

Da farko ya yi ƙoƙari. Amma iskar sama ba ta cika huhu, duwatsun kuma ba su san ɗan birni ba. Kafin su yi nisa numfashinsa ya koma kamar zuga-zugi, gumi ya jiƙa masa wuya duk da sanyin da ke saukowa daga ƙanƙara. Kulzira tana biye da su, hannayenta a buɗe kusa da bayan mijinta, bakinta ma a buɗe.

"Da nauyi ko? Ai ya rame. Da ka zo lokacin da aka dawo da shi ka ji yadda namiji yake. Kai yau ɗaya ce, kuma da rana tsaka. Ni kullum ne. In dusar ƙanƙara ta toshe ƙofa ni ke tonewa, in fita da shi, in shigo da shi. In za a tashi zuwa mazaunin hunturu ni ke ɗora shi a mota tare da tukwane. Ka san ana juya mutum kamar gurasa don kada bayansa ya ruɓe? Ba ka sani ba. Kana can famfo yana ba ka tsoro."

"Kulzira," in ji Sagidolla, "ya isa."

"Bai isa ba. Bari ya ji. Ya ji wa ke wanke ka. Ya ji sau nawa nake sauya shimfiɗa, kai ba ka ma san ka yi ba sai wari ya..."

Ko maganar ce ta rikita Gantulga, ko ƙafarsa ce ta gaza, wani dutse ya juya a ƙarƙashinsa. Ya faɗi a kan guiwa ya karkace, kan Sagidolla ya bugi gefen dutse. Kulzira ta yi ihu ta zube a kansu tana kwance ɗamarar. Goshin mijinta ya fashe, jini yana bi ta girarsa. Ta kai gefen ɗankwalinta za ta share, ya buge hannun. Tun da suka yi aure bai taɓa buge mata hannu ba.

"Kada ki taɓa ni!"

Muryar ta daki duwatsu ta dawo. Ya dogara da hannaye ya ja jikinsa ya jingina, idanunsa jajir.

"Ni bulala ce? Kin ɗauko ni daga gado don ki zane wani da ni? Na zaci don ni kika kawo ni. Ashe kaya ne ni, a ɗora wa mai laifi ya ji nauyi. Har abin da ke tsakanin bargona da Allah sai kin shanya a kan dutse!"

"Don wa nake yi in ba don kai ba?"

"Don kanki! Duk wanda ya shigo tantin nan sai kin karanta masa ni. Kina magana a kaina ina zaune, kamar gawar da ba a binne ba. Jiya na yi dariya kin ji haushi, na gani. Kin fi son ki gan ni ina kallon rufi."

Ya juya kan Gantulga, wanda ke zaune riƙe da guiwa, wandonsa a yage.

"Kai kuma, kada ka ga na tsawata mata ka ɗauka na fi ta sanyi. Ni na faɗa ruwan nan da ƙafafuna, ba wanda ya tura ni, ko kare ne ya faɗa zan bi shi. Wannan tsakanina da Ubangijina ne. Amma na kwanta a birninku wata da watanni, bakina ba ya jin abincinku, ba wanda na sani. Kullum aka buɗe ƙofa sai in ɗaga kai. Ina kake?"

"Na zo, Yaya. Wallahi na zo har bakin asibitin. Na kasa shiga."

"Ƙofar asibiti tana cizo ne?" in ji Kulzira.

"Ke yi shiru, wannan tambayata ce." Ya jira. Gantulga ya rufe fuska yana kuka. Sagidolla ya tofar da yawu gefe, ya share jinin da hannun riga. "To tashi. Kuka ba ya hawa dutse. Juyo min bayanka, ban zo nan don in ga rabin hanya ba."

Ta sake ɗaure su. Fuskarta tana zafi kamar an mare ta, zuciyarta tana tafasa, ta rasa wa za ta juye wa. Suka ci gaba, Gantulga yana ɗingishi yana kama duwatsu da hannu, yana hutawa yana tashi. Rugugin yana ƙaruwa har ya cika kunne. Sai suka zagaya wani ƙaton dutse, iska mai jiƙa fuska ta tare su.

Ruwan yana fitowa daga tafkin sama, wanda ke lasar gindin ƙanƙara, ya taho ta wata tsaga ya zubo fari fat, ya daki wani faffaɗan dutse ya tarwatse, ya sake haɗuwa ya faɗa ƙasa. Igiyar tana nan, an sabunta ta. Suka zaunar da Sagidolla a kan dutse busasshe, Kulzira ta tokare bayansa da guiwarta. Gantulga ya rarrafa can nesa ya juya baya, ya amayar da ragon jiya.

Sagidolla ya daɗe yana kallo. Feshin ruwan ya jiƙa masa gashin baki, ya wanke jinin goshinsa ya gangaro da shi. Can ya ce ta ɗebo masa. Ta zaro kwano daga ƙirjin rigarta, ta tara a wata 'yar ƙorama da ke bin gefe, ta kawo. Ya kurɓa ya runtse ido saboda haƙora.

"Yana nan yadda yake," ya ce.

Abin da ta kasa jurewa ke nan. Ita ma ba ta hau nan ba tun ranar. A ranta ta daɗe tana ganin wajen kamar zai nuna alama, ko dutsen ya yi baƙi, ko ruwan ya rage murya don kunya. Ga shi nan yana ta zuba abinsa, har da bakan gizo a cikin feshi, kamar bai taɓa cin kowa ba. Ta jingina mijinta da dutse, ta sunkuya ta ɗauki wani dutsen da ya cika mata hannu biyu, ta je har bakin igiya ta wurga wa ruwan da duk ƙarfinta. Ko ƙararsa ba a ji ba. Ta ɗauki wani ta ƙara, ta ƙara wani, tana zaginsa da zagin da ba ta taɓa yi a gaban namiji ba, har kafaɗarta ta riƙe. Da ta juyo tana haki, Sagidolla yana dariya, hawaye da feshi sun haɗu a fuskarsa.

"Kin ji masa ciwo," ya ce. "Na ga ya ɗingisa."

"Rufe min baki."

Gantulga ya matso yana share baki, bai yarda ya dubi ruwan ba sai a kaikaice. Ya durƙusa a gabanta.

"Yaya Kulzira, ki yafe min."

Ta dube shi daga sama har ƙasa. "Shi in ya ga dama ya yafe, ƙafafunsa ne. Ni bayana ne, kuma ban yafe ba. Tashi, kada ka jiƙa guiwar da ta fashe."

Da rana ta karkata Gantulga ya juya baya zai karɓi goyon, ta ture shi. Sauka ba aikin ɗan koyo ba ne, ƙafafunsa kuma rawa suke yi kamar na ɗan maraƙin da aka haifa yanzu. Ta sa shi ya ɗaure mata ɗamarar, ta miƙe da mijinta kamar yadda ta saba, ta fara bin duwatsun ɗaya bayan ɗaya. Sun yi nisa kafin Sagidolla ya kawo bakinsa kusa da kunnenta.

"Hannun da na buge..."

"Ka yi shiru, magana tana ƙara maka nauyi."

Can ita ma ta ce, ba tare da ta juya ba, "Maganar shimfiɗa, bai kamata ba." Sai ya gyara riƙon da ya yi wa kafaɗarta.

Gantulga ya tafi washegari yana tafiya kamar tsoho, hannu a ƙugu. Apa ta ba shi busasshen cuku na hanya. Kulzira tana wajen tumaki, ba ta zo sallama ba.

Ana gab da tashi daga mazaunin bazara, itatuwa sun koma ruwan ɗorawa, wani direban babbar mota ya sauke musu wani ƙunshi a buhu, ya ce saƙo ne daga Gantulga. Sirdi ne, amma ba irin wanda suka sani ba. Yana da dogon majingini na ƙarfe lulluɓe da fata, da maɗaurai na ƙirji da na cinya. Kulzira ta ce a mayar. Sagidolla ya ce in ta isa ta ɗauka ta bi motar. Ta zagaya sirdin tana neman aibu, ta ja ɗinkin, ta girgiza ƙarfen, ba ta samu ba, haushinta ya ƙaru.

"Ki saka masa albarka mana, kelin," in ji Apa.

"Wanda ya ɗinka dai, Allah ya yi masa albarka."

Ita da maƙwabcin suka ɗaura sirdin, suka ɗora Sagidolla suka ɗaure shi. Ya zagaya tanti, ya zagaya garke, akawal ɗin yana tafiya a hankali kamar ya san abin da yake ɗauke da shi. Kwana kaɗan ya fara kai wa bakin tafki. Da wata bazarar ta zagayo ya koma kai baƙi har ƙarshen tafkin tsakiya, daga nan ya damƙa su ga wani, bayan ya yi musu kashedin da ke sa wasu su fasa hawa. Hawa da sauka dai har yanzu a bayanta suke, haka wanka, haka juyi. Ba ta taɓa ambaton sunan Gantulga ba, in magana ta biyo ta kansa sai ta ce "wancan".

Wata rana shanunsu suka ɓace a kwarin gabas. Kafin ta gama tatsa ya sa maƙwabcin ya ɗora shi, ya tafi nema shi kaɗai bai gaya mata ba. Azahar ta wuce, la'asar ta wuce, hadari ya taso daga kan ƙanƙara. Tana ɗaura wa goɗiya sirdi za ta bi sawu ta hango shi yana gangarowa, shanun a gaba, yana waƙa, jiƙe sharkaf. Ta tsaya a gaban tanti hannu a ƙugu, ta fara tun yana nesa, maƙwabta suna leƙowa. Sai da ya iso ya tsaya a gabanta ya bari ta gaji, sannan ya ce in ta gama ta sauke shi, yunwa yake ji.